RA'AYINMU: Maki Ya Cije, Shin a Sauya Jarrabawa?

A 'yan shekarun nan wata sabuwar sana'a ta shigo unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, sana'ar da ba ta da rumfa a kasuwa, ba ta kuma kawo ko kwabo, sai dai ta ci. Watau shirin jarrabawar shiga manyan jami'o'in ƙetare domin digiri na biyu ko na uku. Masu yin ta yayyenmu ne da suka gama digirin farko. Waɗansu suna bautar ƙasa, waɗansu ƙananan ma'aikata ne a Sakatariyar Audu Baƙo ko a bankunan cikin gari, waɗansu kuwa suna aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sun kama ɗaki a Court Road ko Kundila saboda kusa da wurin aiki. Da rana suna ofis. Bayan sallar isha'i sai a buɗe kwamfuta, in akwai wuta, a shiga fama da GRE ko GMAT har dare ya raba.

Kukan da muke ji daga bakinsu kusan iri ɗaya ne. A watan farko maki ya yi ta hawa, mutum ya yi ta murna. A wata na biyu ya ɗan ƙaru. Daga nan sai ya cije. A yi jarrabawar gwaji ta huɗu, a yi ta biyar, a yi ta shida, maki yana nan inda yake kamar an kafa shi da ƙusa. To, a daidai wannan lokaci ne mashawarta kan bayyana. Mai fama da GRE a ce masa ya koma GMAT, wai can babu haddar kalmomin Turanci masu wuya. Mai fama da GMAT kuwa a ce masa ya koma GRE, wai can lissafin ya fi sauƙi, har ma ana ba da na'urar lissafi. Kowane ɓangare yana hangen sauƙi a gidan maƙwabcinsa. Da yake da yawa daga cikinmu da ke ajin ƙarshe za su tsinci kansu a wannan mararraba nan da shekara ɗaya ko biyu, mun ga ya dace wannan mujalla ta faɗi ra'ayinta tun da wuri.

Ra'ayin kuwa shi ne: cijewar maki ita kaɗai ba dalili ba ce na sauya jarrabawa. Alama ce ta cewa akwai wani abu da ya hana mutum gaba, kuma sai an gano abin nan tukuna sa'an nan za a san ko sauyi zai yi magani ko kuwa gudun gara ne a tadda zago.

Ba ƙaramin al'amari ba ne, domin kuɗi ne masu ciwo. Zama ɗaya na GRE ya haura dala 200, na GMAT kuwa yana tasam ma dala 300. Tun da aka saki naira ta nema wa kanta daraja a kasuwa cikin watan Yuni 2023, dala ta yi ta hawa har ta wuce naira 1,500 a 2024. A lissafin wannan shekarar, zama ɗaya na GRE ya haura naira 300,000, alhali kuwa mafi ƙarancin albashin da Gwamnatin Tarayya ta amince da shi a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne, na Jihar Kano kuma 71,000. Ke nan ƙaramin ma'aikaci zai tara albashin fiye da wata huɗu, bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba, domin ya zauna gaban kwamfuta na sa'a biyu. Sau da yawa ma kuɗin ba nasa ba ne. Na adashin mahaifiya ne, ko gudummawar kawu, ko wata 'yar tunkiya da aka sayar a ƙauye. Wanda ya ɗauki irin wannan kuɗi bai kamata ya yanke shawara bisa hirar majalisa ba.

Bari mu fara da bayanin jarrabawowin su kansu, domin mun lura akwai masu ba da shawara da har yanzu suna magana a kan tsarin da aka riga aka rushe. GRE ta hukumar ETS ce da ke Amurka, kuma ita ce ta gama-gari, wadda ake nema a fannoni da yawa, daga injiniya zuwa tattalin arziki. Tun watan Satumba 2023 aka rage tsawonta zuwa ƙasa kaɗan da sa'a biyu. Akwai insha'i guda ɗaya na minti 30, sai tambayoyi 27 na harshe cikin minti 41, da tambayoyi 27 na lissafi cikin minti 47. Makin harshe da na lissafi kowanne yana tashi ne daga 130 zuwa 170. GMAT kuwa ta hukumar GMAC ce, an fara ta tun 1954 musamman domin makarantun koyon harkokin kasuwanci, masu ba da digirin MBA da makamantansa. Ita ma an sake mata fasali a watan Nuwamba 2023, tsohon tsarin kuma ya ƙare a ƙarshen Janairu 2024. Yanzu sashe uku ne, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, harshe mai tambaya 23, da nazarin alƙaluma mai tambaya 20. An cire insha'i, an cire gyaran jimla, an kuma cire lissafin kusurwa da da'ira. Jimillar maki daga 205 ne zuwa 805. Saboda haka duk wanda ya zo maka da littafin da wansa ya yi amfani da shi a 2019, yana cewa dole sai ka sami 700, to, gode masa, amma ka sani ma'aunin ya sauya: 645 na yau shi ne kwatankwacin 700 na da.

Akwai wata ɗabi'a ta waɗannan jarrabawowi da ba mu saba da ita ba a WAEC da JAMB, kuma rashin fahimtarta yana karya wa mutane gwiwa ba gaira ba dalili. Su suna auna mutum ne suna tafiya. A GMAT, in ka amsa tambaya daidai sai a kawo maka wadda ta fi ta tsauri, in ka faɗi a kawo mai ɗan sauƙi, har a ajiye ka a daidai iyakar ƙarfinka. Don haka ko da ka ƙware, ba za ka taɓa jin jarrabawar ta yi laushi ba; kullum tana nan a wuyanka, haka aka ƙera ta. A GRE kuwa awon na sashe-sashe ne. Yadda ka yi a tambayoyi 12 na farko shi zai nuna ko za a ba ka sashe na biyu mai tsauri, wanda ke kai mutum ga babban maki, ko mai sauƙi, wanda ke da rufi a kansa. Mutum zai iya fitowa yana murna cewa sashe na biyu ya zo masa da sauƙi, bai san cewa wannan sauƙin shi ne labarin faɗuwarsa ba.

To, me ke sa maki ya cije? Abu na farko da ya kamata a gane shi ne cewa hawan da aka gani a watan farko ba duka ne ƙaruwar ilmi ba. Yawancinsa sabo ne. Mutum ya koyi inda ake latsawa, ya san fasalin tambaya, ya tuna lissafin aji uku na sakandare da ya manta. Wannan riba ce ta sau ɗaya, kamar tsintuwa. Idan ta ƙare, sai a iso kan ainihin abin da mutum ya iya, shi kuwa ba ya motsi cikin mako guda. Wanda ya sauya jarrabawa a nan zai sake ganin irin wannan hawan na farko, ya ɗauka ya dace, sa'an nan bayan wata biyu ya sake cin karo da katangar nan dai, sai dai an sauya mata fenti.

Har wa yau, ma'aunin shi kansa yana ɗan rawa. Hukumomin jarrabawar da kansu ba su taɓa cewa makinsu ba ya kuskure ko kaɗan ba. Mutum ɗaya, da ilmi ɗaya, zai iya samun 151 yau, jibi ya sami 153, mako mai zuwa ya koma 150. Wannan ba ci gaba ba ne, ba kuma ci baya ba ne. Daɗin daɗawa, jarrabawowin gwajin da ake kwafowa daga intanet ana rarrabawa a waya ba duka ne ke auna abu daidai ba. Waɗansu an tsananta su da gangan domin a tsorata mutum ya sayi darasi. Akwai kuma mai maimaita gwaji ɗaya sau uku, ya ga makinsa ya tashi, alhali amsoshin ne ya haddace. Akwai wanda ke tsayar da agogo ya je ya ɗebo ruwa, ko wuta ta ɗauke a tsakiya ya ƙarasa washegari. Makin da aka samu ta haka bai isa a gina shawarar naira dubu ɗari uku a kansa ba.

Amma babban dalili, a ganinmu, yana cikin irin karatun da aka rene mu da shi, kuma a nan ne muke so mu ɗan daɗe. Tun daga firamare aka koya mana cewa jarrabawa hadda ce. A sayi littafin tambayoyin baya, a bi shekara goma, a haddace amsa, a shiga ɗaki a zube. Wannan dabara ta fitar da da yawa daga cikinmu daga WAEC, ta fitar da mu daga JAMB, kai, ta fitar da waɗansu har daga jami'a da sakamako mai kyau, domin akwai darussan da in ka mayar wa malami takardarsa kalma da kalma ka tsira. Da wannan makami ne ɗan'uwa ke tunkarar GRE. Ya amsa tambaya ɗari a dare ɗaya, ya duba amsa, ya ƙirga nawa ya ci, ya wuce. Gobe ya sake ɗari. Yana ganin yana aiki tuƙuru, kuma lalle yana wahala, amma kuskuren da ya yi a tambaya ta bakwai jiya shi zai sake yi a ta goma sha biyu yau, domin bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa me ya sa ya faɗi ba.

Ga misali. A GRE akwai tambayar da ake ba ka abu biyu a ce ka faɗi wanne ya fi girma, ko daidai suke, ko ba za a iya sani ba. A ce na farko wata lamba ce da ba a faɗa ba, na biyu kuma lambar nan ce aka ninka ta da kanta. Mai gaggawa zai ce ai na biyu ya fi, tun da 3 sau 3 ya ba da 9. Bai tuna cewa 1 sau 1 yana nan 1 ba, bai kuma tuna cewa rabi sau rabi kwata ne ba, watau ya ragu. Amsar ita ce ba za a iya sani ba. Babu wani lissafi a nan da ɗan aji ɗaya na sakandare bai sani ba. Abin da ake gwadawa shi ne ko mutum yana da ɗabi'ar tuhumar amsar da ta fara zuwa masa. A GMAT kuwa akwai 'yar'uwar wannan tambaya. A ce ana neman shekarun wani mutum. Bayani na ɗaya: shekarunsa da na ƙanensa in an haɗa 50 ne. Bayani na biyu: ya girmi ƙanen da shekara 10. Ba a ce ka fitar da shekarun ba. An ce ka faɗi ko bayani na ɗaya shi kaɗai ya isa, ko na biyu, ko sai an haɗa su. Wanda ya faɗi a waccan ta GRE saboda gaggawa, mene ne zai hana shi faɗuwa a wannan? Tufafin ne suka bambanta, mutumin ciki ɗaya ne.

Haka abin yake a sashen harshe. Gaskiya ne GRE tana son kalmomin da ba a jin su a Titin Zariya, irin waɗanda asalinsu Latin ne ko Girkanci, kuma gaskiya ne GMAT ba ta tambayar ma'anar kalma kai tsaye. Amma dukansu biyu za su ajiye maka dogon rubutu a kan tarihin kimiyya ko tattalin arziki, su ce ka faɗi abin da marubucin yake nufi, da abin da ya ɗauka gaskiya ne bai faɗa ba, da abin da zai raunana hujjarsa. Yawancinmu Turanci harshe na biyu ne ko na uku, bayan Hausa da Larabcin makarantar allo da Islamiyya, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, mutum nawa ne a cikinmu suka karanta littafi guda cikakke a bara wanda ba a sa su dole ba? Wanda bai saba zama da rubutu mai shafi ashirin ba, zai karanta sakin layi sau uku kafin ya kama zarensa, lokaci kuwa ba ya jira. Haddar kalma dubu ba ta gyara wannan, komawa GMAT ma ba ta gyara shi. Abin da ke gyara shi karatu ne na yau da gobe, na watanni, kuma Laburaren Murtala Muhammad da ke Titin Ahmadu Bello ba shi da nisa da Tarauni.

Saboda haka shawararmu ta farko ga wanda makinsa ya cije ita ce ya daina yin sabon gwaji na mako biyu ko uku. Ya sayi littafin rubutu mai ganye arba'in, ya koma kan gwaje-gwajen da ya riga ya yi, ya bi kowace tambaya da ya faɗi, har da wadda ya ci da ka-cici-ka-cici, ya rubuta dalili da hannunsa. Shin abin ne bai sani ba sam? Ko ya sani amma ya karanta tambayar a karkace? Ko lokaci ne ya ƙure ya yi ta harbi a duhu? Aiki ne mai gundura, kuma yana taɓa girman kai, shi ya sa ba a son sa. Amma bayan an rubuta kuskure hamsin ko sittin, hoto zai fito da kansa. Wani zai tarar rabin asararsa a tambayoyi biyar na ƙarshe take, domin ya ɓata minti shida yana kokawa da tambaya guda a farko. Wannan ba sauyin jarrabawa yake bukata ba, koyon sakin tambaya yake bukata. Wani kuma zai tarar duk gwajin da ya yi bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare, bayan ya wuni a ofis da cunkoson Shataletalen Dangi, shi ne ya fi muni. Wannan barci yake bukata.

Kada a ɗauka muna cewa sauyi haramun ne. Akwai wanda littafin kuskurensa zai nuna masa cewa ciwonsa na jarrabawar nan ne kaɗai. A ce injiniya ne ko akanta, yana fahimtar dogon rubutu sarai, yana kama raunin hujja, jadawali da zanen alƙaluma abincinsa ne a ofis kullum, amma duk asararsa tana wajen cike gurbin kalmomi. In makarantar kasuwanci yake nema, wannan mutum yana da hujjar leƙa GMAT. Ko a ce wadda ta karanta Turanci ko Shari'a ce, kalmomi ba sa ba ta tsoro, insha'i kuwa filinta ne, amma lissafin GMAT, wanda ba a yarda da na'ura a cikinsa ba, da matsin lambar cewa sai ka amsa tambaya kafin a nuna maka ta gaba, su ne suka ɗaure ta. GRE tana barin mutum ya tsallake tambaya ya dawo mata a cikin sashe, ba tare da iyaka ba, alhali GMAT amsa uku kaɗai take bari a gyara a ƙarshen kowane sashe. Ga mai irin wannan hali bambancin ba ƙarami ba ne, kuma yau mafi yawan makarantun MBA, har da manya irin na Harvard da Stanford, suna karɓar GRE. Ma'aikatan jinya na Gyaɗi-Gyaɗi sun san irin wannan sauyi mai ma'ana: tun 2017 hukumar ma'aikatan jinya ta Ingila take karɓar OET a madadin IELTS, ita kuwa OET Turancin asibiti ne, na majiyyaci da takardar sallama, watau abin da suke yi kullum. Wanda ya koma can ya koma ne inda ƙarfinsa yake. Amma a lura, hanyar ba ta tafiya ta kowane gefe. Mai neman digiri a kimiyya ko injiniya galibi ba shi da zaɓin GMAT, domin ba nasu ba ce.

Ko da an sami hujja, a gwada kafin a yi tsalle, tun da gwajin kyauta ne. ETS da GMAC kowacce tana ba da cikakkun jarrabawowin gwaji guda biyu ba tare da biyan kuɗi ba, kuma su ne suka fi kusa da gaskiya. A ɗauki kwana biyu ko uku a san fasalin tambayoyin, sa'an nan a nemi safiyar Asabar, a tabbata akwai caji, a kashe waya, a zauna zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Wajen kwatantawa kuma kada a dubi lambar maki tsurarta, a dubi matsayin da ta ba mutum cikin ɗari na waɗanda suka rubuta. Ko a cikin GRE ɗin ma lambobin ba su da nauyi ɗaya: 160 a harshe ya sa mutum gaban fiye da kashi 80 cikin ɗari, alhali 160 a lissafi bai fi tsakiyar sahu da komai ba, saboda yawan masu ƙarfin lissafi da ke rubuta ta daga Indiya da Sin. Idan a gwajin farko, ba tare da shiri ba, mutum ya tarar matsayinsa ya kai ko ya wuce inda ya cije bayan wata uku a waccan, to, ya sauya, Allah ya ba da sa'a. In kuwa ya tarar yana ƙasa nesa, ya sami amsarsa ba tare da ya kashe ko sisi ba. Sai kuma a dubi kalanda. Manyan jami'o'in Amurka kan rufe karɓar takardu tsakanin Disamba da Janairu, makarantun kasuwanci ma suna rufe zagayen farko tun Satumba. Wanda ya sauya a watan Oktoba ya sani cewa mai yiwuwa shekara guda ya sayar. Wannan ba masifa ba ce, tun da sakamakon kowacce yana aiki har shekara biyar, amma ya yi shi da saninsa.

Akwai wata tambaya da ta riga duk waɗannan, wadda abin mamaki ba a cika yin ta ba: shin inda nake nema suna bukatar jarrabawar ma kuwa? Mun ga mutane sun shafe wata shida suna shiri, ba su taɓa rubuta sunayen jami'o'i biyar da suke so ba balle su karanta sharuɗɗansu. Tun kafin annobar 2020 sassa da yawa a Amurka suka fara ajiye GRE, musamman na kimiyyar halittu da lafiya, annobar kuma ta ƙara wa abin gudu. Jami'ar Michigan ta sanar a 2022 cewa ta daina amfani da ita wajen ɗaukar ɗaliban digiri na uku. Yawancin digiri na biyu a Ingila ba sa neman ta. Shaidar Turanci suke so da sakamakon digirin farko. Ɗalibai 1,001 da Gwamnatin Kano ta ɗauki nauyinsu a 2023 zuwa Indiya da Uganda, da darajar digirinsu aka zaɓe su. Sa'an nan ga maganar biza, wadda maki ba ya sayen ta. A watan Yuli 2025 Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Nijeriya ta wata uku mai shiga sau ɗaya, a Disamba 2025 kuma ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa bizar ɗalibai. Kafin mutum ya biya kuɗin zama, ya binciki halin da ake ciki a ranar da zai biya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A nan gida kuwa, Jami'ar Bayero tana da Makarantar Kasuwanci ta Ɗangote, ga Zariya, ga Sakkwato, kuma kuɗin zama biyu na GMAT zai yi nisa da mutum a cikinsu. Ba muna hana kowa fita ba ne. Malamanmu da yawa a waje suka yi karatu suka dawo suka amfane mu. Muna cewa ne maki ɗaya ne daga cikin kaya. Takardar sakamakon darussa, da wasiƙun shaida daga malamai, da bayanin abin da mutum yake son bincikawa, duk ana auna su, kuma wata uku da za a kashe wajen neman ƙarin maki biyu da an zuba su can da sun fi riba.

Wata kalma ga waɗanda gajiya ta kai su ga sauraron masu raɗa cewa akwai wanda zai zauna maka a gida ta intanet, ka biya kawai. Hukumomin suna soke sakamako, suna kuma iya sanar da makarantun da aka aika wa. Ban da wannan, wanda ya shiga aji da makin wani, shi zai zauna da malamin da kansa, ba ɗan hayar ba. Kowane irin wannan kuma yana ƙara wa takardun 'yan ƙasar nan nauyin zargi a idon duniya, mu da ke baya mu ne za mu biya.

Ba daidai ba ne a ɗora wa ɗalibi laifin duka. Abin takaici ne a ce mutum ya yi shekara huɗu ko biyar a jami'a, ya fita bai taɓa jin wani ya yi masa bayanin yadda ake neman gurbin digiri na biyu ba, sai ya koma yana tsintar labari a shagon shayi. Malamanmu da suka bi wannan hanya suna nan a kowace tsangaya, ilmin yana cikin gida, hanyar isar da shi ce babu. Muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta nemi hukumar jami'a ta keɓe ɗaki guda a laburare, mai kwamfutoci da wutar sola da intanet, inda ɗan ajin ƙarshe ko tsohon ɗalibi zai iya kama sa'a uku ya yi gwajinsa zama ɗaya ba tare da wuta ta yanke shi ba. Muna kuma kira ga ƙungiyoyin sassa da su gayyaci malami ɗaya ko biyu sau ɗaya a kowane zango, su zauna da 'yan ajin ƙarshe, su faɗa musu wace jarrabawa ake nema a fanninsu, wace ce ba a nema, da kuma lokacin da ya kamata a fara. A sa zaman da rana, domin 'yan'uwanmu mata da masu zuwa daga cikin gari su samu halarta. Wannan mujalla za ta miƙa buƙatun nan biyu a rubuce ga Majalisar Ɗalibai a zamanta na gaba, kuma za mu buga amsar da aka ba mu a fitowa ta gaba.